Tsohuwar Hanyar Ikko Zuwa Badun Ta Kan Shagamu

Yau mun ɗan jingine lissafin farashi don mu ba da labarin wata hanya wadda iyayenmu 'yan goro suka sha ƙurarta, watau tsohuwar hanyar da ke fita daga Ikko ta bi ta Ikorodu da Shagamu ta kai Badun.

Tun farko ba mota ke ɗaukar goro ba, jirgin ƙasa ne. Dogo ya isa Badun a 1901, ya isa Kano a 1911. Mai son zuwa Badun a mota kuwa sai ya zaga ta Agege da Abekuta, mai zuwa Ikorodu ya shiga jirgin ruwa. Sai a shekarun 1950 aka haɗa Ikko da Ikorodu da titi, tafiya ta gajarce.

Ga yadda take. In ka baro tsibirin Ikko sai Yaba, sai Jibowu, sai Ojota, sai Ketu, kana Mil 12. Sunan nan ba wani abu ba ne illa awon hanya, mil goma sha biyu daga gari. A zamanin can duk wannan bayan gari ne, gonaki da fadama. Daga nan ka haye gadar Majidun ka shiga Ikorodu, ka juya arewa ta Ogijo har Shagamu, inda 'yan'uwanmu suke zaune a Sabo suna ɗaurin huhu. In an gama lodi sai Iperu, sai Ode Remo, sai Ishara, sai Badun, daga can a kama hanyar gida.

To, a 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka buɗe sabon babban titi mai hannu biyu, tsawonsa kilomita 127 da ɗoriya. Ya miƙe ɗoɗar, ya bar Ikorodu can gefe, ya raɓa bayan Shagamu ya wuce. Shi ke nan, manyan motoci suka koma can. Mai tuwo da mai faci da mai sai da fetur a bakin tsohuwar hanya suka wayi gari ciniki ya ƙaura. Ina ya tafi? Duba Ogere, inda tireloli suka mai da zango, da kuma kasuwar shanu ta Kara a bakin sabon titin.

Amma ba kowa ya faɗi ba. Sabon Shagamu bai mutu ba, don goro a gonakin ƙasar Remo yake, mai nemansa dole ya ratse ya shigo. Mil 12 ma gari ne ya tarar da ita ya haɗiye, ta zama mashigar tumatir da albasa da tattasai na Arewa. Titin da ke gabanta ya koma na cikin gari. A 2008 aka sa masa dogayen motocin safa masu layinsu daban, a 2015 aka miƙa layin har Ikorodu. Yankin da ya fi shan wuya shi ne Ikorodu zuwa Shagamu: tankokin mai na Mosimi da motocin masana'antu suka farfasa shi, ya yi shekaru yana gargada, sai a 2018 aka ba da aikin sake gina shi.

Abin da muke so ɗan kasuwa ya riƙe shi ne wannan: wanda cinikinsa na masu wucewa ne, ran da hanya ta tashi ya tashi. Wanda yake zaune kan kayan da ake nema, ko an kauce masa za a zo. Saboda haka kafin ka zuba jarinka a rumfa ko sito a bakin titi, tambayi kanka, don ni ake tsayawa ko don hanya? In ka ji ana awon sabon titi a wajenku, kasa kunne kamar yadda kake kasawa ga kuɗin huhu.

Allah ya kai matafiya gida lafiya, ya ba mu kasuwa mai albarka.