Babur ɗin Farko: A Gwada Kafin a Biya

Yawancin masu sayen babur karon farko ƙyalli da girman inji suke fara kallo. Kamata ya yi mutum ya hau tun a shago, ya ga ko tafin ƙafafunsa biyu sun sauka ƙasa sosai, ya ɗan karkata shi ya ji ko zai iya tare nauyinsa. Inji mai 100cc zuwa 125cc ya ishi ɗan koyo. Babur ƙirar roba-roba ba ya buƙatar matsa kulochi, shi ya sa hannu ke saurin faɗawa da shi. Bajaj Boxer kuwa ya fi jure hanyar karkara, kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu. Idan na hannu za a saya, a tafi da bakanike, a kuma tabbatar lambar inji ta yi daidai da ta jikin takarda, don kada a gaji rigimar babur ɗin sata.

A cikin kuɗin babur a ware na hular kwano. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sanya ta a Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya da bokitin fenti a ka don su wuce jami'ai. Jami'i ana iya yi masa wayo, kwalta kuwa ba ruwanta. Hula mai kyau tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100, amma sai an ɗaure igiyarta a haɓa. Wadda ba a ɗaure ba, ita ke riga mai ita faɗuwa.

Sai maganar birki, inda ake yawan koya wa yara kuskure. Za ka ji ana cewa kada a taɓa birkin gaba, wai yana kifar da mutum. Alhali idan an zo tsayawa nauyi gaba yake komawa, don haka mafi yawan ƙarfin tsayuwa a tayar gaba yake. Fizgarsa lokaci guda ne ke kayarwa, musamman a kwana ko a kan yashi. A je fili babu motoci, a koyi matsa shi sannu-sannu tare da na baya har hannu ya saba.

Akwai kuma haɗarin da tufafinmu ke jawowa. Leɓen babbar riga ko hijabin wadda aka goya, idan ya sauko, sarƙa ko wayar taya na iya naɗe shi ta fincike mutum ƙasa. A tattare shi a zauna a kai kafin a tashi. Silifa ba takalmin tuƙi ba ne. Kada kuma a kutsa ta gefen tirela a kwana: direbanta ba ya ganin ka, tayoyinta na baya kuma sukan yanko ciki fiye da na gaba. Ɗaukar goyo ta jira sai tsayawar gaggawa ta zama jiki.