Abubuwan da ya kamata ka sani game da haɗarin sauya fasalin harsashin bindigar farauta

Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu tana hannun maharba da 'yan banga da yawa a ƙasar Hausa. Wasu kan buɗe harsashinta su ƙara wani abu ko su musanya abin da ke ciki. Wanda wannan aiki ya fi jefawa cikin haɗari shi ne mai riƙe da bindigar.

Mene ne a cikin harsashin?

Harsashin kwanso ne na roba ko takarda, mai gindin ƙarfe. A tsakiyar gindin akwai ɗan maɓalli mai kama wuta idan allurar bindiga ta buge shi. Gabansa albarushi ne, sai toshiyar roba, sai ƙwayoyin dalma, sannan bakin kwanson da aka naɗe ya rufe su. Wanda ya fi yawa shi ne mai lamba 12, wanda faɗin ramin bututunsa ya kai kusan milimita 18.5.

Masana'anta na auna waɗannan sassa ne a matsayin abu guda. Nau'in albarushi an zaɓe shi daidai da nauyin dalma, toshiya daidai da kwanso, hatta ƙarfin naɗin baki yana cikin lissafi. Ƙungiyar SAAMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1926, ta ƙayyade matsin harsashi mai lamba 12 na yau da kullum a kan fam 11,500 a kowane inci murabba'i. Wannan ya ninka iskar tayar mota fiye da sau 300, amma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na matsin manyan bindigogin raifil ba. Shi ya sa ake ƙera bututun bindigar farauta da ƙarfe marar kauri sosai, kuma ba shi da sararin ɗaukar kuskure mai yawa.

Me ke sa mutane taɓa shi?

Tsada da wuyar samu su ne kan gaba. Akwai kuma mai son harbi ya yi nisa, da mai son mayar da harsashin tsuntsu ya zama na babbar dabba. Bukatun a fili suke, sai dai babu ɗayansu da ke ba mutum na'urar auna matsi.

Yadda haɗarin ke faruwa

Albarushin zamani yana da wata ɗabi'a: gwargwadon yadda aka matse shi, gwargwadon saurin cinsa. Idan aka ƙara nauyin abin da ke gabansa, ko aka daskare ƙwayoyin suka zama dunƙule, kayan sukan yi jinkirin motsawa. Jinkirin na ƙara matsi, matsin na ƙara saurin wuta, wutar na sake ƙara matsi, duk cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Saboda haka ƙarin da ake gani kaɗan ne a tafin hannu yana iya haifar da hauhawar da ta wuce ƙima nesa ba kusa ba.

Sai batun abin da aka zuba. Yawancin bututu suna ɗan tsukewa a baki, wani lokaci da kusan milimita 1, domin tattara ƙwayoyi. Dalma tana da laushi, takan matsu ta wuce. Ƙusa, gutsuren rodi da boris ba sa matsuwa. Sukan karce cikin bututu, su kumbura bakin, ko su tsaga shi. Ko a Amurka, inda aka hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, harsashin ƙwayoyin ƙarfe yana zuwa ne da toshiya mai kauri ta musamman, kuma ba kowace tsohuwar bindiga ke ɗaukarsa ba.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne harsashi mai rauni. Kwanson da aka buɗe aka sake rufewa yakan sha danshi, musamman da damina. Sai a ja kunama, a ji ƙara 'yar ƙarama, toshiyar ta tsaya a tsakiyar bututu. Daga waje ba a ganin komai. Harbi na gaba shi ne ke tarar da hanya a toshe, bututun ya fashe. Yanka jikin kwanso ma yana jawo haka, domin kwanson ya fi ramin bututu faɗi, kuma guntunsa kan maƙale a ciki.

Cakuɗa girma shi ma sauyi ne, ko da ba a buɗe komai ba. Harsashi mai tsawon milimita 76 yana shiga ɗakin harsashin bindigar da aka yi wa mai 70, amma bakinsa ba ya samun wurin buɗewa. Mai lamba 20 kuwa, wanda aka saba yi wa launin rawaya, yakan zame ya maƙale a cikin bututun lamba 12, har a ɗora wani a bayansa.

Akwai kuskure ɗaya da ya shafi ƙasarmu kai tsaye: zazzage albarushin harsashi a ɗura a bindigar toka. An ƙera ta ne don baƙin albarushin gargajiya, mai matsi kaɗan. Na zamani ya fi ƙarfinta.

Illolin da ke biyo baya

Hannun da ke tallafe bututu yana kan ƙarfen, fuska kuma tana dab da ɗakin harsashi. Don haka raunin da aka saba gani shi ne guntulewar yatsu, makanta, ƙuna da kurumta, wani lokaci har rasa rai. Tarkacen ƙarfe yakan sami na kusa. Bindigar da ta jure harbi goma ba ta tsira ba, domin ƙarfe yakan gaji a hankali kafin ya bari. Ta fuskar doka ma, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko harhaɗa shi ba tare da izini ba.

Mai lasisi ya duba lamba da tsawon da aka buga a jikin bututu, ya yi amfani da harsashin masana'anta da ya dace da su. Idan harbi ya ƙi tashi, ya riƙe bakin bindiga a wurin da ba kowa na aƙalla daƙiƙa 30 kafin ya buɗe. Idan ƙara ta yi rauni, ya cire harsashi ya leƙa bututun ta baya. Harsashin da aka ga alamar an taɓa bakinsa kuwa, kada a saya, kada a harba.