Lemu Ma Yana Da Dangi A Daji

Duk wanda ke fere lemu a tashar mota a Agege ko a Sabon Ibadan ya san lemun zaƙi da lemun tsami da tanjarin kamar yunwar cikinsa. Amma da wuya a sami wanda ya san cewa lemun zaƙin nan da motoci ke saukewa daga Binuwai ba shi da wani daji da ya taɓa tsirowa da kansa. Barbarar yanyawa ne.

Wani bincike da aka buga a 2018, bayan an duba ƙwayoyin halittar itatuwan, ya nuna cewa tushen lemu yana gindin tsaunukan Himalaya, wajen arewa maso gabashin Indiya da Bama da kudancin Sin. Kakanni uku ne suka haifi yawancin abin da ke kasuwa. Akwai pomelo, wani ƙato mai kaurin ɓawo, akwai tanjarin na asali, sai kuma sitiron, wanda kusan duk jikinsa ɓawo ne. Pomelo da tanjarin ne suka haɗu suka ba da lemun zaƙi. Shi kuwa ƙaramin lemun tsami, ɗan sitiron ne da wani lemun daji na ƙasar Filifin.

Wannan cuɗanya ita ta hana masana tsirrai barci. Walter Swingle na Amurka ya ƙirga jinsin lemu 16 kacal. Tanaka na Japan ya ce a'a, 162 ne. Itatuwa dai su ne, idon mai ƙirga ne ya bambanta.

To, Afirka fa? A rabon da Swingle ya yi a 1943, ya sanya wasu itatuwan dazukanmu cikin zuriyar lemu. Na kusa shi ne Citropsis, mai ƙaya da ƙananan 'ya'ya, wanda ke fitowa a kurmi tun daga Afirka ta Yamma har Yuganda. Kusancinsu ya kai har ana iya yi masa aure da reshen lemu ya kama. Sai Afraegle, mai 'ya'ya masu taurin ƙoƙo. A cikin ƙoƙon ne maharba kan zuba albarushi, har Turawa suka laƙaba masa sunan Nijeriya da gorar albarushi. Fasaƙwari ma, wanda Yarabawa ke asuwaki da shi suna ce masa orin ata, gida ɗaya suka fito da lemu, sai dai shi dangantakar ta yi nisa. A murza ganyensa a shinshina, za a ji ƙamshin gidan.

Abin da ya sa maganar ta wuce ta 'yan boko shi ne cuta. Lemun gona yawanci aure ake yi masa, watau a ɗora reshen mai daɗi a kan gindin wani. Saboda haka gonar lemu dubu kamar itace guda ce, abin da ya kama ɗaya ya kama duka. Daga wajen 1930 zuwa 1950 cutar tristeza ta kashe miliyoyin itatuwa a Ajantina da Burazil, sai da aka sauya gindin da ake ɗorawa a kai. Daga cikin masu jure mata har da Poncirus, wani ɗan'uwan lemu daga Sin wanda 'ya'yansa ba su ciwuwa don ɗaci.

Ta yanzu ta fi muni. Ita ce mai hana lemu nuna, ya zauna kore, ga ɗaci. Ta bayyana a jihar Fulorida ta Amurka a 2005, kuma tare da ɓarnar guguwa, lemun jihar ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Wani ɗan ƙwaro ne ke yaɗa ta, an kuwa ba da rahoton ganinsa a Jihar Oyo a 2020, jihar da cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT take. Har yanzu ba ta da magani, sai dai masu bincike sun ga wasu lemukan dajin Ostareliya suna jure mata.

Namu dangin kuwa babu mai gadinsu. A dajin Mabira na Yuganda ana tone saiwar Citropsis ana sayarwa a matsayin maganin ƙarfin maza, itacen da aka tone kuwa ba ya tashi. A nan gida ma gatari da gobarar daji ba su tambayar asalin itace kafin su ci shi.