Daga Sha Biyu Zuwa Sha Tara: Inda 'Yar Zari-Ruga Ke Ɓacewa

A gidajen kallo na Sabon Gari da Samaru, kana ambaton Arsenal ko Real Madrid gardama ta kaure. Amma ka ce 'yan matan Najeriya sun je Kanada a watan Oktoban 2025 sun doke Ayalan da ci 10 da nema a wasan zari-ruga, sai a yi maka kallon mai tatsuniya. Sun yi kuwa, a garin Brampton. Saura wasa ɗaya su sami gurbin gasar cin kofin duniya ta 2026, Fiji ta yi musu dukan kawo wuƙa, 62 da 4.

Wannan zari-rugar ita ce ta 'yan wasa 13, wadda ta ɓalle daga ta 15 a 1895 a arewacin Ingila, kan rigimar biyan ma'aikata ladan yinin da suka bar aiki suka buga wasa. Ƙwallo a hannu ake gudu da ita, ba a miƙa ta gaba. In aka kayar da ku sau shida ba ku kai ta bayan layi ba, ta koma hannun abokan karawa.

Mai son sanin yadda rayuwar 'yar wasa take, ya dubi Ali Brigginshaw ta Ostireliya (mace ce, kada sunan ya ruɗe ka). An haife ta a 1989, ta taso tana bugawa cikin yara maza. Da ta kai shekara 12 doka ta ce ta dakata, ga shi babu ƙungiyar 'yan mata da za ta koma. Ba rauni ta ji ba, ba kuma gazawa ta yi ba. Wurin bugawa ne babu. Sai a 2009 ta sa rigar ƙasarta. Ta ɗauki kofin duniya a 2013 da 2017, ta sake ɗauka a 2022 a Old Trafford, inda suka ci New Zealand 54 da 4 aka kuma zaɓe ta gwarzuwar wasan. Gasar ƙwararru ta mata a ƙasarsu, NRLW, sai a 2018 aka fara ta da ƙungiyoyi huɗu kacal, lokacin tana da shekara 28. Ta jagoranci Brisbane Broncos suka lashe ukun farko a jere.

Wancan giɓin na bayan shekara 12 mun san shi a Zariya, kodayake mu ba doka ce ke tsayar da yarinya ba. Tana firamare ita ce ta ɗaya a tsere ranar gasar gidaje, har iyaye na tafi. Da ta fara zama budurwa sai a ce, “Ke, kin girma.” Damuwar iyaye kan sutura da cuɗanya da maza ba abin rainawa ba ce, kuma tana da magani: doguwar riga da wando da hijabin wasanni, mace mai horarwa, fili na mata zalla. Akwai ma nau'in wasan da ba a kayar da kowa, ƙyalle kawai ake zarewa daga ƙugu.

Samaru ba ta rasa filaye ba, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana yaye malaman wasanni da motsa jiki, har da mata. Makarantun sakandaren 'yan mata su ya kamata a tura waɗannan malamai, don a can ne 'yan sha biyu zuwa sha tara suke.