Ƙasa Tana Bin Manomi Bashi

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi da kaka, ya ratsa Bakori, ya ga motoci maƙil da masara da dawa da auduga, lalle ya tabbata Allah ya yi wa wannan yanki albarkar ƙasa. Amma in ya zauna da dattawan manoma, zai ji wata magana dabam. Sukan ce ƙasa ta gaji, gama gonar da kakanninsu suka noma ba tare da buhun taki ko ɗaya ba, yau in ba a zuba mata ba sai masara ta tsumbure, wuta-wuta ta rufe dawa.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. A da akan bar gona saura ta huta 'yan shekaru, bayan girbi kuma Filani su sauke shanunsu a kanta. Yanzu jama'a ta yi yawa, ba filin da ake bari. Kara ana kwashewa domin girki da danga, abin da ya rage a cinna masa wuta wajen sharar gona. Watau kowace shekara muna karɓa daga ƙasa, ba ma mayar mata da kome.

A 1975 aka buɗe babban shirin aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, aka kawo ingantaccen iri da takin zamani mai rahusa, masara ta sami gindin zama. Wannan alheri ne, ba mai musu. Sai dai da yawa suka juya wa juji baya. Da rahusa ta janye, buhu ya yi tsada, musamman a 2022 sa'ad da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, sai talaka ya tarar ba kuɗin buhu, ga gona ta rame.

Takin zamani abincin shuka ne na damina guda. Yuriya tana da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin 100, takin gida kuwa da ƙyar ya kai kashi 2. Amma ruɓaɓɓen taki yana yin abin da buhu ba ya iyawa: yana sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe ruwa, ta kuma riƙe shi kansa takin zamanin kada ruwan sama ya wanke shi. A 1950 aka fara wani gwaji a Samaru ta Zariya, inda aka nuna filin da ake ba takin naitirojin zalla shekara da shekaru ƙasarsa takan yi tsami, wanda aka haɗa masa da kashin shanu kuwa ƙarfinsa ya fi daɗewa.

Ba kowa ke da garke ba, saboda haka takin rami ya zama dabarar mai ƙaramin ƙarfi. Wani Bature, Albert Howard, ya tsara hanyarsa a Indore ta ƙasar Hindu tsakanin 1924 da 1931, bayan ya lura da yadda manoman can ke yi. Ga yadda ake yi. A haƙa rami a inuwa, zurfinsa kamar ƙafa 3. A shimfiɗa sararren kara da ƙaiƙayi da ganye da sharar gida kamar tsawon taƙi guda, a bi da kashin awaki ko na shanu ko na kaji, a barbaɗa toka da 'yar ƙasa, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa har rami ya cika. Ruwan ya zama daidai danshi, kada ya kwanta. Na wanke hatsi da na alwala ma sun isa. A soka sanda a tsakiya. In bayan 'yan kwanaki aka zare ta aka ji zafi, to, taki yana nuna, zafin nan kuma shi ke kashe yawancin irin ciyawa. A juya shi sau 3, cikin wata 3 zai zama baƙi, mai ƙanshin ƙasar bazara.

Sai a kiyaye abu uku. A tsince leda da kwalba da tsohon batir daga shara. Kada a saka wuta-wuta wadda ta yi 'ya'ya, ko itacen auduga mai ɓoye tsutsa; waɗannan wuta ce maganinsu. In an kai taki gona kuma a rufe shi da huɗa, kada a bar shi rana da iska su shanye amfaninsa.

Ba muna cewa a yar da takin zamani ba ne. Muna cewa manomin da ya fara ciyar da ƙasarsa shi ne buhunsa ɗaya ke biyan bukata. Kiranmu ga 'yan'uwa malamai shi ne kowace makaranta ta yi raminta a bayan aji, yara su cika shi da hannunsu, su shuka kunya biyu, ɗaya da taki ɗaya babu, iyaye su zo su gani da idonsu, gama gani ya kori ji. Ƙasar nan amana ce muka gada, 'ya'yanmu kuma za su tambaye mu yadda muka bar ta. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.