Gamba

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina, akwai wata doguwar ciyawa wadda a ke kira gamba. Ta kan fito a daji, da gefen burtali, da kan iyakar gonaki. Idan ta sami ruwa sosai tsawonta ya kan kai ƙafa 10, har mutum ya shiga cikinta ba a gan shi ba.

Yawancin ciyayi su kan mutu da rani, sai irinsu ya sake tsirowa da damina. Gamba kuwa ba haka ta ke ba. Samanta ne kaɗai ke bushewa, tushenta yana nan da rai, don saiwoyinta sun nutsa ƙasa inda akwai sauran laima. Saboda haka da an yi ruwan fari, wajen watan Mayu, sai ta yi toho tun sauran ciyayi ba su fito ba. A lokacin nan shanu sun rame, rani ya cinye su, wannan toho shi ke ceton su.

Amma tohon nan yana bukatar hutu. In shanu suka yi ta cinsa kullum har ƙasa, tushen ya kan gaji ya mutu, wurin ya zama fako. In aka kau da su kamar mako 6, sai ganye ya dawo ya fi na da yawa. Makiyayi mai hankali ba ya ajiye garkensa wuri ɗaya.

Ɗanyen ganye mai laushi shi ne ke sa nono da ƙiba. Wajen watan Oktoba gamba ta kan fid da kai, karanta ya yi tauri, shanu su ƙi ta. To, sai mutane su zo da lauje su yanka, su saƙa zana, su yi jinka. Mai son ingirici kuwa dole ya yanka tun ba ta tsufa ba.

Labarin gamba ya kai nesa. An ɗauki irinta daga Shika, kusa da Zariya, aka haye teku da shi. A shekarar 1980 aka fara raba wa masu kiwo a ƙasar Barazil, su shuka don shanunsu.