Ƙudaje Masu Ado a Fadamun Bahindi

Idan aka ambaci ƙuda, abin da yakan faɗo wa Bahaushe a rai shi ne ƙazanta da kwaɗayi, har ma akan ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Amma ƙudan gida ɗaya ne tak daga cikin nau'o'in ƙudaje fiye da 150,000 da masana suka tantance a duniya. Da yawa daga cikinsu suna da adon da ya isa a tsaya a kalla. A ƙasashen Turai mutane kan fita daji da kyamara bayan wucewar hunturu domin ɗaukar hotunansu. A Bahindi kuwa, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, yankin da kogin Kwara ke ratsawa bayan ya baro iyakar Nijar da Benin, lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, sa'ad da ciyawa ta tsiro, fadamu suka jiƙa.

Da farko, ya kamata ɗalibi ya san abin da masana ke kira ƙuda. Ƙuda na gaskiya fikafikai biyu gare shi. A bayansu akwai wasu 'yan ƙwayoyi biyu masu kama da kan ashana, waɗanda ke taimaka masa daidaita jikinsa a iska. Ta wannan ma'auni sauro ƙuda ne, amma ƙudan zuma ba ƙuda ba ne, domin fikafikansa huɗu.

Wannan bambanci yana da amfani a bakin fure. Akwai wani ƙuda mai ratsin rawaya da baƙi wanda kan tsaya cak a iska kamar an rataye shi da zare. Duk wanda ya gan shi sai ya zaci zuma ce ko rina, ya ja da baya, alhali ba shi da harbi. Kamannin ne kawai ya ara domin tsuntsaye su ƙyale shi. Nau'o'insa sun kai kimanin 6,000. Manyan suna kai ƙurar fure daga wata shuka zuwa wata, tsutsotsin wasunsu kuma suna cinye ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan ganyen amfanin gona.

Sai koren ƙuda mai walƙiya, wanda masunta suka sani sarai, domin yakan yi ƙwai a jikin kifin da aka shanya, tsutsa ta ɓata shi. Shi ɗin ne kuma ke cika furen mangwaro a lokacin rani, yana taimaka wa itacen ya yi 'ya'ya. Koren nasa ba rini ba ne. Fatarsa ce ke da shimfiɗu siri-siri masu mayar da hasken rana ta hanyar da ido ke ganin kore ko shuɗi, kamar yadda ɗigon mai ke yi a kan ruwa.

Bobuwa, wadda ke addabar shanu da dawakai da cizo, ita ce ta fi nuna darajar hoto. Idanun wasu nau'o'inta na da ratsi kore da jan garura, amma launin kan dusashe bayan ta mutu. Wanda ya soke ta da allura ya adana a akwati zai rasa wannan ado. Hoton mai rai ne kaɗai ke riƙe shi.

Ɗaukar hoton ba ya bukatar kaya masu tsada. Wayar hannu da ƙaramin gilashin ƙara girma sun wadatar. Da sassafe ya kamata a fita, domin sanyi kan sa jikin ƙuda ya yi nauyi. A matsa a hankali, kada inuwar mutum ta faɗa kansa, saboda kowane idonsa haɗakar dubban ƙananan idanu ce, kuma ya fi ɗan Adam saurin ganin motsi. A ɗauka ta sama domin fikafikai, a sake ɗauka ta gefe domin baki. Sannan a rubuta rana da wuri da shukar da aka same shi a kai. Hoton da ba shi da wannan bayani ado ne kawai.

A ƙasar kiwo irin ta Bagudo, wannan sha'awa tana iya zama hidima. Ƙudan tsando, mai yaɗa sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane, ana gane shi da bakinsa da ya miƙe gaba da fikafikansa da yakan ɗora ɗaya kan ɗaya kamar rufaffen almakashi. David Bruce ne ya nuna alaƙarsa da cutar dabbobi a ƙasar Zulu cikin 1895, kuma a Kaduna akwai cibiyar bincike ta ƙasa a kan wannan cuta. Haka nan ƙaramin baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu shi ke yaɗa cutar makanta ta bakin kogi. An fara babban shirin yaƙarsa a Afirka ta Yamma a 1974, Benin da Nijar na ciki, kuma a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta kawar da cutar, ƙasa ta farko a Afirka.

Irin wannan nasara da sanin inda ƙuda yake da lokacin fitowarsa ta fara. Malamin kimiyyar da ya sa ɗalibansa tara hotuna masu kwanan wata damina bayan damina zai samar wa makarantarsa kundin da likitan dabbobi zai iya dubawa, makiyayi kuma ya amfana da shi.